Wai da gaske 'yan dabul waɗanda suka kasa singil ne? Maganar Leander Paes

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce ya ga ana ta zuzuta wani Ba'indiye mai suna Leander Paes wai an saka shi cikin zauren karrama gwanayen tanis na duniya, shi kuma da ya duba sai ya ga mutumin bai taɓa cin babban kofi shi kaɗai ba, ko cikin 50 na farko a duniya bai taɓa leƙawa ba. Shi ne yake tambaya, shin ba gaskiya ba ne abin da ake faɗa cewa masu buga dabul, wato wasan bibbiyu, waɗanda singil ya fi ƙarfinsu ne suka koma laɓewa a bayan abokin wasa?

To ƙanena, wannan magana ba kai ka fara ta ba. John McEnroe da kansa ya taɓa faɗin irin ta, kuma shi mutum ne da ya riƙe lamba 1 a singil ya riƙe a dabul, don haka ba za a ce bai san abin da yake faɗa ba. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, zan zo kai. Amma ni da na shafe shekaru ina koya wa yara da manya riƙe raket, abin da na gani da idona shi ne dabul wata sana'a ce daban, fili ɗaya raga ɗaya ƙwallo ɗaya amma aikin ba ɗaya ba, kuma in kana son ka gane haka babu wanda ya fi dacewa ka duba irin Paes, don shi ba shi da komai na abin da ake cewa sai da shi ake zama gwani. Tsayinsa mita 1.78 ne a wasan da ƙattai masu mita 1.90 da ɗoriya suka cika, sabis ɗinsa ba ya ba kowa tsoro, bakhan ɗinsa kuwa, wato bugun bayan hannu, yawanci yanka ƙwallo kawai yake yi, ba irin mai juyawa sama da ƙarfi ba. Da wannan kayan aikin ya ci manyan kofuna 18, wato na manyan gasanni huɗu na tanis, Ostireliya, French Open, Wimbledon da US Open.

Bari in fara da filin, don da yawa masu kallo a talabijin ba su lura ba. Tsawon fili mita 23.77 ne ko singil ko dabul. Faɗi ne ya bambanta, singil mita 8.23, dabul mita 10.97, wato an ƙara 'yar siririyar hanya ta mita 1.37 a kowane gefe. Ka ga an ninka mutane amma filin ko kashi ɗaya cikin uku da ƙyar aka ƙara. Me wannan yake nufi? Babu wurin da za ka jefa ƙwallo ka huta. A singil in an yi maka sabis mai zafi kana iya tura ta tsakiyar fili sama-sama ka koma ka gyara tsayuwa a ci gaba da musaya. A dabul ka yi haka ka mutu, don akwai wani mutum tsaye dab da raga yana jiran irin wannan ƙwallon ya dasa maka ita a ƙafa. Dole ka mayar da ita a karkace, ƙasa-ƙasa, ta wata 'yar taga ƙarama, kuma wanda ke ragar ba a tsaye yake kamar gunki ba, kafin a buga sabis ya riga ya kai hannunsa ta baya ya yi wa abokinsa alama, in ya dunƙule hannu yana nufin zan tsaya a wurina, in ya buɗe tafi yana nufin zan tsallaka in tare, da yatsa kuma yana nuna inda za a jefa sabis ɗin. Wani lokaci ma durƙusawa yake yi a tsakiyar fili dab da raga, kai mai karɓa ba ka san dama zai miƙe ko hagu ba, sai dai ka yi caca. Yawancin maki a dabul na ƙwararru bugu uku huɗu ne an gama. Babu lokacin gyara kuskure.

Wannan tsayuwar ragar ita ce gonar Paes. In ka samu bidiyonsa kar ka bi ƙwallo da ido, shi za ka kalla. Za ka ga kafin mai karɓa ya buga yana ɗan motsa kafaɗa kamar zai tsallaka, ya fasa, maki na gaba ya sake yi ya fasa, sai mutum ya saki jiki ya ce ai wannan barazana ce kawai, to a na uku, daidai lokacin da kan mai bugun ya sunkuya kan ƙwallo ba ya ganin kowa, sai ka ga Paes ya riga ya isa tsakiya. Kuma ba dukan ƙarfi yake yi ba, sau da yawa sassauta hannu kawai zai yi ƙwallon da aka harbo da gudu ta faɗo dab da raga ta kwanta kamar an ajiye ta da cokali. Mu masu koyarwa mun san wannan sassaucin hannun shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa, ƙarfi kam ana samu a jim.

Na taɓa ganin ƙaramin misalin abin a kulob ɗin da nake aiki. Akwai wasu yarana biyu, ɗaya 19 ɗaya 20, a singil babu mai karawa da su a wurin, sai aka yi 'yar gasar dabul ta ƙarshen shekara suka haɗu suka ce kofi nasu ne. Zagaye na biyu aka haɗa su da wasu dattawa biyu da suka haura 50, ɗaya ma da bandeji a gwiwa, ga tumbi tubarkalla. Dattawan nan ba su yi gudu ba wallahi. In yaran suka matso raga sai a ɗaga musu lob ta saman kai, in suka ja baya sai a ajiye musu gajera, sauran duk ta tsakiyarsu ake wucewa, wannan ya kalli wancan, "ai taka ce", "a'a taka ce". Aka tashi 6-2, 6-3. Ƙaramin ya zo yana huci ya ce min koci wallahi waɗannan ba tanis suka buga ba, wayo kawai suka yi mana. Na ce masa to ai ka faɗi sunan wasan.

Yanzu shi Paes ɗin. An haife shi ranar 17 ga Yuni 1973 a Kalkata, gidan 'yan wasa ne gaba da baya. Mahaifinsa Vece Paes likita ne kuma ɗan wasan hoki, yana cikin tawagar Indiya da ta ci tagulla a Olimfik na Munich a 1972, mahaifiyarsa Jennifer kuma ta yi kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwando mata na ƙasar. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi makarantar tanis ta gidan Amritraj a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai. A 1990 ya ci Wimbledon na yara, a 1991 ya ci US Open na yara, ya zama lamba 1 a matasan duniya, kuma duk a singil ne fa wannan, ka riƙe shi. A 1990 ɗin dai, yana da shekara 16, aka jefa shi Kofin Davis, gasar ƙasa da ƙasa ta maza, a karawa da Japan, shi da Zeeshan Ali suka ci dabul da sat na biyar ya kai 18-16.

Maganar cewa ya kasa singil, sai mu duba me ake nufi da kasawa. Matsayinsa mafi girma 73 ne a 1998, gaskiya ne. Amma a shekarar ya ci kofin Newport a kan ciyawa, kuma ya doke Pete Sampras a New Haven lokacin Sampras yana kan ganiyarsa. In kuma ya saka rigar Indiya sai ya koma wani mutum daban, a 1993 ya je har Faransa a kan jar ƙasa ya doke Henri Leconte da Arnaud Boetsch Indiya ta kai samifainal na Kofin Davis, a 1995 ya doke Goran Ivanisevic. Sai kuma Atlanta 1996, wanda mu nan ba za mu manta da shi ba saboda ƙwallon ƙafa. Paes da katin alfarma ya shiga gasar don rankin ɗinsa yana can bayan 100, ya bi ta kan Thomas Enqvist da Renzo Furlan, Andre Agassi ne ya tsayar da shi a samifainal, kuma a wasan ya ji ciwo a wuyan hannu. Da hannun nan mai ciwo ya fito neman tagulla da Fernando Meligeni na Burazil, aka ci shi sat na farko 6-3, ya dawo ya ci 6-2, 6-4. Ranar 3 ga Agusta aka yi wannan, ranar da su Kanu suka doke Ajantina 3-2 mu muna ta ihu a titi ba mu ma san ana wani abu wai shi tanis ba. Wannan tagullar ita kaɗai Indiya ta samu a Atlanta, ƙasa mai mutum kusan biliyan, bayan ta je Olimfik uku a jere ta dawo hannu rabbana, kuma rabon da wani Ba'indiye ya ci lamba shi kaɗai ba a tawaga ba tun K. D. Jadhav ɗan kokawa a 1952.

To me ya sa ya bar singil? Lissafi ne, ba tsoro ba. Ɗan wasan da ke yawo tsakanin 70 da 130 a duniya sau da yawa sai ya buga wasannin share fage kafin ya shiga gasa, kuma share fagen nan Asabar da Lahadi ake yi kafin gasar ta fara. Fainal ɗin dabul na gasar da ta gabata ma Asabar ko Lahadi ake yi, a wani gari, wani lokaci wata nahiya. In kana kai fainal a dabul kusan kullum, ba za ka rabu biyu ba. Ga kuɗin jirgi, otal, koci, mai tausa, duk daga aljihunka. Mutum ya duba ya ga a nan ni ne na 1 a duniya, a can ina fama in kai zagaye na biyu, kai wanne za ka ɗauka?

Lamba 1 ɗin kuwa ta zo ne a dabul ta hanyar ɗan ƙasarsu Mahesh Bhupathi, kuma labarinsu shi ne ya fi daɗi kuma ya fi ciwo. Bhupathi ya fi shi tsayi, mai sanyi ne ba ya hayaniya, yana da sabis mai nauyi, bakhan ɗinsa na hannu biyu wajen karɓar sabis kuwa yana cikin mafi kyau a zamaninsa, shi yake tsayawa ɓangaren hagu inda manyan maki ke faɗowa, Paes yana dama yana tsalle-tsalle da ɗaga murya. Abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Bhupathi ya harba ƙwallo ƙasa a ƙafar mai sabis, dole a ɗago ta sama, Paes yana raga yana jira. Shi ke nan tsarin, kowa ya san shi, amma an kasa maganinsa. 'Yan jarida suka laƙaba musu Indian Express, in sun ci maki mai muhimmanci sai su yi tsalle su haɗa ƙirji. A 1999 suka kai fainal a duk manyan gasanni huɗu, aka doke su a Ostireliya a hannun Jonas Bjorkman da Patrick Rafter, suka ci French Open, suka ci Wimbledon, aka doke su a US Open. A Wimbledon ɗin nan Paes ya haɗa da kofin mace da namiji tare da Lisa Raymond, kofi biyu a gasa ɗaya. A watan Yuni na shekarar ya hau lamba 1.

Sai kuma abin ya lalace, a daidai lokacin da kowa yake cewa yaran nan za su yi shekara goma suna mulki. Kowa da nasa bayanin, su kansu biyun in an tambaye su ba bakinsu ɗaya ba, ana maganar koci, ana maganar na kusa da su, ana maganar girman kai. Suka rabu, suka dawo suka ci French Open a 2001, suka sake rabuwa a 2002. Abin mamakin shi ne ko lokacin da ba sa ga maciji, in aka zo wasan ƙasa sai su shiga fili tare su yi aikinsu, a Kofin Davis sun ci wasa 24 a jere, babu wasu biyun da suka taɓa yin haka. A Olimfik na Atan a 2004 saura ƙiris su ci tagulla, Mario Ancic da Ivan Ljubicic na Kuroshiya suka ƙwace a sat na uku da ya kai 16-14, dare ya raba ana buga wasan. A Doha a 2006 suka ci zinare a gasar Asiya suka fito suna jifan juna da magana a gaban 'yan jarida. A US Open na 2009 kuwa fainal aka haɗu, Paes da Lukas Dlouhy a gefe ɗaya, Bhupathi da Mark Knowles a ɗaya gefen, Paes ya ɗauke kofin. Suka sake gwadawa a 2011, suka kai fainal a Ostireliya, suka ci Miami da Cincinnati, shekara ta ƙare kowa ya kama gabansa. Ni a ganina da sun haƙura da juna da yanzu ana lissafa su tare da Woodbridge da Woodforde, shahararrun 'yan dabul na Ostireliya, amma manyan kofuna uku kacal suka ci tare.

A nan ne amsar tambayarka take, ƙanena. In da laɓewa yake yi a bayan Bhupathi, da rabuwarsu ta zama ƙarshensa. Sai ga shi kofuna 15 cikin 18 ɗin da wasu ya ci su. Na maza guda 8 ne, uku da Bhupathi, sauran biyar ɗin duk da 'yan Jamhuriyar Cek, Martin Damm a US Open 2006, Dlouhy a French Open da US Open 2009, Radek Stepanek a Ostireliya 2012 da US Open 2013. Na mace da namiji guda 10, ɗaya da Raymond, biyu da Martina Navratilova, uku da Cara Black 'yar Zimbabuwe, huɗu da Martina Hingis. A 2015 ya cika abokin wasa na 100 a dabul na maza, Marcel Granollers na Sifen, kuma bai tsaya nan ba. Wanda bai taɓa canza abokin wasa ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kowane mutum da inda sabis ɗinsa yake faɗawa, da irin ƙwallon da yake tsoro, da abin da yake so a faɗa masa in ya yi kuskure, wani in ka yi masa magana ya ƙara rikicewa wani in ka yi shiru ya ɗauka fushi kake. Sai ka karanci mutum uku a lokaci ɗaya, biyu abokan gaba ɗaya naka.

Na Navratilova yana da wani abu da ke taɓa ni. A 2003 tana da shekara 46 shi yana 29 zuwa 30, tun yana yaro yake kallonta a talabijin. Suka ci Ostireliya, suka zo suka ci Wimbledon, wanda ya zama kofinta na 20 a can, ta kamo Billie Jean King. 'Yan makonni bayan nan aka kwantar da shi a asibiti a Orlando, an ga wani abu a ƙwaƙwalwarsa ana tsoron ciwon daji ne. Da aka gama bincike sai aka ga ƙwayar tsutsar ciki ce ta yi gida a wurin, ana maganinta. US Open ta wuce shi, ita kuma Navratilova ta ƙi ɗaukar wani ta buga mace da namiji a gasar. A Janairun 2004 sai ga su tare a fainal ɗin Ostireliya.

In wasa ɗaya kawai za ka nema ka kalla, nemi samifainal na US Open 2013. Tagwayen nan na Amurka, Bob da Mike Bryan, waɗanda su ne suka fi kowa a tarihin dabul, kofuna 119 tare, manya 16, sun zo gasar sun riga sun ci Ostireliya da French Open da Wimbledon na shekarar, ga zinaren Olimfik na Landan a wuyansu, wasa biyu ya rage su haɗa huɗun a shekara ɗaya, a gidansu, filin duk nasu ne. Suka ci sat na farko 6-3. Paes yana da shekara 40, Stepanek kuma a farkon shekarar aka yi masa tiyata a wuya. Daga nan Paes ya daina ba su ƙwallo mai gudu, ya koma yanka ta a hankali tana sauka a ƙafarsu, yana ɗaga lob, yana canza wuri, tagwayen da suka saba da kiɗa ɗaya sai ga shi an canza musu ganga. Aka tashi 3-6, 6-3, 6-4. A fainal suka share Alexander Peya da Bruno Soares 6-1, 6-3. Dama a Ostireliya 2012 ma tagwayen ya doke a fainal, wanda da shi ya cika cin kowane ɗaya daga manyan kofuna huɗu a dabul na maza.

Da Hingis kuwa yana da shekara 41 zuwa 42 suka kwashe Ostireliya da Wimbledon da US Open a 2015, sai French Open a 2016 inda suka doke Sania Mirza da Ivan Dodig da 10-8 a bugun raba gardama, ya cika huɗun a wannan ɓangaren ma. Kallon su biyun nan daɗi ne da shi don babu mai dukan ƙarfi a cikinsu, hannu ne da ƙwaƙwalwa kawai. Canjin doka ma ya taimaka wa irinsu, tun 2006 a gasannin ATP, ƙungiyar tanis ta ƙwararrun maza, an daina dogon dus a dabul, in aka kai 40-40 maki ɗaya ne ke raba gardama, sat na uku kuma an mayar da shi tsere zuwa maki 10. Wasa ya gajarce, jiki ya samu sauƙi, dattawa suka ƙara shekaru a fili. Rohan Bopanna ɗan Indiya ma ai yana 43 ya ci Ostireliya a 2024.

Kar ka ɗauka waliyyi nake ba ka labari. Paes mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma 'yan ƙasarsa da suka zauna da shi a ɗakin canza kaya su suka fi kowa faɗa. A 2008 'yan wasan Kofin Davis suka rubuta takarda suka ce ba za su buga a ƙarƙashinsa yana kyaftin ba. A 2012 gab da Olimfik na Landan, Bhupathi ya ce ba zai buga da shi ba, Bopanna ma ya ce ba zai buga ba, alhali shi ne ya fi su rankin, aka haɗa shi da wani yaro Vishnu Vardhan da ke can ƙasa, don a lallashe shi kuma aka ba shi 'yar ƙasarsu Sania Mirza a mace da namiji, ita ma ta fito ta ce an mayar da ita abin tarko don a faranta wa wani. A Rio 2016 aka tilasta shi da Bopanna, wasan farko aka kora su gida. A 2017 Bhupathi ya zama kyaftin ya ajiye shi a benci a wasa da Uzbekistan. Ace mutum ya iya zama da baƙi sama da 100 amma ya kasa zama da 'yan gida biyu uku, wannan kam akwai nasa laifin a ciki, duk da hukumar tanis ɗin ƙasar ma ba ta iya sasanci ba. Ga son a gan shi, har fim ɗin Indiya ya taɓa fitowa a 2013, wanda gara dai a bar maganarsa.

Sai inda na ce maka akwai ƙanshin gaskiya. Manyan 'yan singil in suka mayar da hankali suna iya cin dabul, Roger Federer da Stan Wawrinka su suka fitar da Paes da Bhupathi a kwatafainal na Beijing 2008 suka je suka ci zinare, Rafael Nadal ya ci zinare da Marc Lopez a 2016. Kuma kuɗi yana singil, don haka yaro mafi hazaƙa can zai nufa, a Wimbledon 2024 zakaran singil ya karɓi fam miliyan 2.7, zakarun dabul fam 650,000 su raba biyu, na mace da namiji 130,000 su ma su raba. Paes shekara kusan 30 yana yawo, duk abin da ya tara na kyautar gasa bai kai dala miliyan 9 ba, Djokovic ya haura miliyan 180. To a nan ba na musu, singil ya fi wuya a jiki, ya fi gasa, ya fi daraja. Amma a ce duk ɗan singil zai shigo ya share 'yan dabul, a'a. A US Open 2025 aka sake tsarin mace da namiji musamman don a jawo taurarin singil, aka saka dala miliyan 1, Alcaraz ya zo Djokovic ya zo Swiatek ta zo, haɗin 'yan dabul zalla guda ɗaya kacal aka bari ya shiga, Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, kuma su suka tafi da kofin, suka doke Swiatek da Casper Ruud a fainal.

Sauran lissafinsa a taƙaice, kofunan dabul 54 a ATP, Olimfik bakwai a jere daga Basalona 1992 zuwa Rio 2016 wanda babu ɗan tanis da ya yi, nasara 45 a dabul na Kofin Davis wanda shi ma babu kamarsa, a 2018 da Caina ya wuce 42 na Nicola Pietrangeli ɗan Italiya, kuma da wa ya yi? Da Bopanna ɗin nan dai da ya ƙi shi. A ƙarshen 2019 ya sanar cewa 2020 ce shekararsa ta bankwana, yana son zagaya gasannin da yake ƙauna ya yi sallama, ya buga Ostireliya, ya ci wasansa na 45 a Zagreb a watan Maris, sai korona ta rufe duniya, Wimbledon ma ba a yi ba a shekarar, bankwanan ya tsaya a rabin hanya.

Zauren da ka gani an saka shi a Yulin 2024 ne, shi da Vijay Amritraj, ɗaya daga masu makarantar nan da aka kai shi yana ɗan shekara 12, su ne maza na farko daga Asiya da suka shiga. Zauren yana Newport, a harabar da filin ciyawar nan yake inda ya ci kofinsa ɗaya tilo na singil a 1998.